Godiya ga 'yan ajinmu na Ejura da duk wanda ya sa hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar Asabar nake so in rubuta wannan amma gajiya ba ta bari ba, muryata ma sai yau ta dawo. Alhamdulillah taronmu na 'yan fom 4 na 1987, wato ajin ƙarshe na midil sukuu, ya yiwu a nan Kumasi, an taru lafiya an watse lafiya, kuma wallahi har yanzu in na rufe ido fuskokinku nake gani.

Wasu sun yi ta tambaya me ya sa ba a yi a Ejura ba tunda can muka yi sukuu. Amsar ita ce yawancinmu nan muke yanzu, Aboabo, Asawase, Tafo, Sawaba, kuma nan ne tsakiya ga mai tasowa daga Accra da mai saukowa daga Tamale ko Yeji. Na gode wa Alhajinmu da ya buɗe mana gidansa a Aboabo ya biya kuɗin kanofi da kujeru bai bari kowa ya ji nawa ba ne. Na gode wa matan da suka kwana a bakin murhu, waakye da shito da tuwon zafi da miyar ayoyo har da lamurji mai sanyi, kowa ya ci har an ɗiba wa maƙwabta. 'Yan Nima da Mamobi da Ashaiman da kuka hau motar dare kuka iso da asuba, Allah Ya biya ku. Na Jamus da Italiya da Amurka da kuka turo kuɗi kuka zauna a bidiyo awa da awanni, mun gan ku kuna share hawaye, Allah Ya dawo mana da ku lafiya.

Amma godiyata mafi girma tana wajen yaran nan biyu, 'ya'yan ɗan ajinmu, da suka ɗauki mota suka hau dutsen Mampong suka ɗauko mana tsohon malaminmu Baba Masta. Ban san za a kawo shi ba, an ɓoye mana. Ina cikin raba abinci kawai na ji wuri ya yi tsit, na juya na ga tsoho da sanda ana riƙe da hannunsa, idonsa ya yi rauni sosai amma muryar nan tana nan yadda take. Ya zauna ya ce a cikin Hausarsa ta Asante wadda muka saba da ita, to kowa ya miƙe zan kira suna. Babu takarda a hannunsa. Ya fara kira kamar yadda yake a rajista, maza da farko sannan mata, mu kuma manya da jikoki muna amsa furezan sa, furezan sa. In ya kira sunan wanda ya rasu sai a yi shiru, shi ma ya yi shiru ya jira kamar mai sauraron amsa, sannan ya wuce na gaba. A suna na uku da ba a amsa ba na kasa tsayuwa, don ita ce muke zama benci ɗaya tun aji 1, wajen haihuwa ta rasu tana da ƙuruciyarta. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan dukkan waɗanda suka riga mu.

Yaran yanzu da suka zo da iyayensu ba su san waye wannan tsohon a wajenmu ba, shi ya sa nake so in faɗa a nan. Lokacin da malamai ke ta ajiye alli suna tafiya Agege, wato Legas ta Najeriya, neman kuɗi, shi bai tafi ba. Sai ga 1983, Najeriya ta koro mutanenmu suka dawo cike da manyan motoci, ga fari, ga wutar daji ta cinye gonaki, Ejura garin masara da doya amma mutum ya zagaya kasuwa bai samu mudu ɗaya da zai iya saya ba. Jar masarar taimako muka ci a shekarar nan. Muna zuwa aji da yunwa, wasu na barci a kan tebur ba don lalaci ba, shi kuma ya daina bulalar mental, wato lissafin ka na safe, gaba ɗaya har aka samu ruwa. Kuma shi Kirista ne amma shi ne ya bi zongo gida gida da yamma yana durƙusa wa iyayenmu a bar 'yan mata su gama. Ya zo wajen babana sau biyu, Allah Ya jiƙan baba, ya yi masa alkawarin ba zan rasa makarantar allo ba ko rana ɗaya, kuma haka aka yi, a tashi sukuu in ci abinci in ɗauki allona. Lissafin da nake yi yau a shagona na Kejetia a hannun mutumin nan na koya. Baba Masta, na gode, na gode, Allah Ya ƙara lafiya Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Sai magajiyarmu mai koko da ƙosai a bakin ƙofar sukuu. Ta daɗe da rasuwa. A shekarar yunwar nan ta ba mu bashi da ta san ba za mu biya ba, ba ta taɓa bin yaro gida ba. Mun nemo 'yarta ta zo daga Ejura, muka haɗa abin da ya sauwaƙa muka ba ta muka ce bashin uwarki ne. Ta ƙi karɓa da farko, ta ce ita ba ta san da wani bashi ba, sai da Baba Masta ya sa baki. Wanda ya kawo wannan shawara a guruf ya san kansa, Allah Ya saka maka da aljanna.

An yi hira kam. An tuna yadda ake sa yaro ya zagaya hannu ta kan kansa ya taɓa kunne kafin a ɗauke shi aji 1, da ɗaukar adda da tsintsiya ran Juma'a, da macin bikin 'yancin Ghana na 6 ga Maris a rana, da yadda ake rubuta sunanka in ka yi Hausa ko Twi a aji. Mu ne muka fita a shekarar da aka kawo JSS, ƙananan ƙannenmu da suka shiga JSS ba su san fom 4 ba sam.

Na gode wa malaminmu ɗan ajinmu da ya ja addu'a, da samarin da suka kwashe kujeru suka share gidan tas. In akwai wanda na yi wa magana da zafi a cikin hidima ya yafe mini don Allah.

Saura mutum biyu da ba mu samu labarinsu ba, ɗaya an ce tana wajen Atebubu, ɗaya kuma tun da ya tafi Libiya shiru. Baba Masta ya tambaye su har sau biyu kafin ya shiga mota. Duk wanda ya san inda suke ko inda danginsu suke ya neme ni don Allah, na yi masa alkawarin zan kira shi in faɗa masa.