Yadda fenti mai ruwan toka ya ci mini bokiti uku

Shekarata ta biyar ke nan ina riƙe buroshin fenti lokacin da maigidana ya fara barina in karɓi aiki da kaina. Aikin farko mai tsoka da ya faɗo hannuna falon wata Hajiya ne a Kaduna. Ta dawo daga wajen 'yarta a Ingila, ta ga bangon ɗakinsu ya burge ta, har ta ɗauko hoto a waya ta kuma rubuto sunan fentin: Purbeck Stone, lamba 275, na kamfanin Farrow & Ball. Kamfanin a yankin Dorset na Ingila yake, sunan launin kuma daga wani farin dutse ne da ake haƙowa a Purbeck, can cikin yankin nasu. Ruwan toka ne mai haske, amma ba mai sanyin nan irin na siminti ba. Akwai ɗan ruwan ƙasa kwance a cikinsa, kamar tokar murhu da ta haɗu da yashi.

"Malam, wannan nake so, ko irinsa sak," ta ce. Na ce, "Ranki ya daɗe, ai ruwan toka ne, an gama."

Ashe ban ma fara ba. Odar na asalin daga waje ba ta taso ba, kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya yi wa gidan gaba ɗaya fenti. Sai na yi abin da na saba gani ana yi: na sayi farin fentin ruwa na lita 20, na riƙa ɗiga baƙi ina juyawa da sanda ina kallon hoton waya. Cikin bokiti ya yi kama. Da ya hau bango ya bushe, sai ga shi da shuɗi-shuɗi, falon ya koma kamar ɗakin jira na asibiti. Daga baya na fahimci dalili: baƙin da muke zubawa, idan ya shiga fari, shuɗi yake ja. Ɗumin da Hajiya ta gani ba daga baƙi yake fitowa ba, daga rawayar ƙasa ne da ɗan ruwan ƙasa mai duhu, wani lokaci da ɗigon ja da ido ba zai ma ce akwai shi ba. Bokiti na ɗaya ya tafi.

Na biyu kuwa wayona ne ya ci ni. Na ji cewa akwai tsarin lambobin launi na Jamus, RAL, wanda aka fara tun 1927 da launuka 40, kuma masu injin haɗa fenti sun san shi. Na duba, na tarar da RAL 7030, wanda sunansa ma ruwan tokar dutse ne. Na ce shi ke nan, suna ya zo ɗaya. Na sa aka haɗa mini bokiti guda ba tare da na gwada ko cokali ɗaya a bango ba. Ya fito da duhu sosai, ya fi na Hajiya nauyi nesa ba kusa ba, ga wani kore-kore da yake yi da yamma. Laifin ba na mai inji ba ne, abin da na ce shi ya ba ni. Kowane kamfani da dutsen da yake nufi idan ya ce dutse.

Da maigida ya zo ya ga bangon, bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Kai, da me kake gwadawa?" Na miƙa masa wayar. Ya ƙara mata haske, ya rage, ya buɗe hoton a tasa wayar ya ajiye kusa da tawa. Launi uku muka gani a hoto ɗaya. Ya ce in je in roƙi Hajiya ta sa 'yarta ta aiko da katin launin na takarda ta hannun wani mai tahowa. Sati biyu muka jira. Na so in mutu don kunya, amma da katin ya iso aikin ya sauya gaba ɗaya.

Mun kai shi wajen masu inji, na'urarsu ta karanta, ta ba da haɗi. A nan ne na koyi abin da ya fi tsaya mini. Maigida ya hana a cika bokiti. Lita ɗaya aka haɗa, muka kuma ɗauko launuka biyu mafi kusa daga katin kamfanonin gida. Muka yanka kwali uku manya, kowanne muka yi masa shafi biyu, muka bari ya kwana, domin fentin ruwa yana ɗan ƙara duhu idan ya bushe, wanda ya yanke hukunci a kan ɗanye ya yaudari kansa. Washegari muka yi ta yawo da kwalayen cikin falon: jikin taga da hantsi, kusurwar da rana ba ta kaiwa, sannan bayan magariba da aka kunna wuta.

Da rana, na injin da katin Hajiya ba ka raba su. Da dare sai suka rabu kamar ba su taɓa sanin juna ba. Ƙwayayen fitilar falon farare ne ƙal, irin masu 6500K (lambar da ke nuna launin hasken ƙwai) da suka cika kasuwa, su kuwa suna tsotse ɗumin launi su bar shi fayau. Launi biyu na iya zama ɗaya a ido alhali sinadaran da aka haɗa su da su daban ne, to da haske ya canza sai kowanne ya nuna asalinsa. Muka sayo ƙwai ɗaya mai 3000K, mai ɗan rawaya, muka saka. Kwalin ya dawo hayyacinsa. Hajiya ta tsaya tana kallo, ta ce, "Au, dama fitilar ce?" Rabin matsalar fitilar ce, rabin kuma tayil ɗinta ne mai ruwan jar ƙasa da yake watsa ja a ƙasan bango, ga hasken ranarmu da ba irin na Ingila ba. Saboda tayil ɗin muka sa aka cire ɗan jan da ke cikin haɗin.

Bokiti na uku ganganci ne zalla. Fenti ya ƙare saura bango ɗaya, na koma aka haɗa wani da lamba ɗaya, na ci gaba daga tsakiyar bango. Layi ya fito tun daga sama har ƙasa, siriri amma duk mai shigowa shi zai fara gani. Dole na sake shafe bangon daga kusurwa zuwa kusurwa da kuɗina. Tun ranar, duk yawan bokitan da aiki zai ci, sai na juye su a babbar roba ɗaya na gauraya kafin rola ta taɓa su.

Yanzu ina da wani littafi da ya sha fenti har bangonsa ya yi tauri. Kowane shafi da ɗan shafen launi, ƙarƙashinsa sunan farin da aka fara da shi, yawan abin da aka ɗiga da sirinji, mai sheƙi ne ko maras sheƙi, da irin fitilar ɗakin. Shafin farko na Hajiya ne. Bara ta kira ni in gyara inda jikokinta suka zana da biro a bayan kujera, na buɗe shafin, na haɗa rabin lita.