Darussan da Na Koya a Neman Yawon Yini Ɗaya Mai Araha a Kewayen Bankok

Na yi aiki a wani ƙaramin ofishin tafiye-tafiye da ke kusa da Pratunam, unguwar 'yan sarin tufafi a birnin Bankok na ƙasar Tailan, kuma yawancin baƙin da muke hulɗa da su ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Wasu 'yan kasuwa ne daga Afirka ta Yamma da suka gama sari suna jiran a ɗaure musu kaya, wasu kuma masu jinya ne da suka rako ɗan'uwa asibiti, likita ya ce a dawo bayan kwana biyu. Irin waɗannan mutane sukan samu yini guda da babu abin yi, ga zaman ɗakin otal ya ishe su, ga kuɗin da ke hannunsu kowane kwabo da inda aka nufa da shi. Maigidana ya ɗora mini nauyin nemo wuraren da za a iya zuwa da safe a dawo kafin isha'i, ba tare da aljihu ya ji jiki ba, kuma ba tare da an kai mutum inda zai yini yana turereniya da dubban masu ɗaukar hoto ba.

Abin da kamfanonin yawo suka saba sayarwa sananne ne: babbar fadar sarki, wadda kuɗin shigarta ga baƙo ya kai baht 500 (baht shi ne kuɗin Tailan), da kasuwar kan ruwa ta Damnoen Saduak a lardin Ratchaburi, mai nisan kimanin kilomita 100 daga birni. Ba na raina waɗannan wurare, domin sun cancanci sunan da suka yi. Sai dai mafi yawan abin da ake biya a irin wannan tafiya ladan mota ne da na mai rakiya da na kwalekwalen haya, kuma sau da yawa akan tsaya a shagunan da ba su cikin buƙatar baƙo, saboda akwai kamashon da ake samu idan ya yi sayayya. Da na fahimci haka, sai na daina tambayar inda ake kai baƙi, na koma tambayar inda mutanen gari ke zuwa don buƙatun kansu, da kuma abin hawan da suke shiga. Duk sauran abin da na koya a aikin daga wannan tambaya ya tsiro.

Hanyar da ta fi koya mini wannan ita ce layin dogo na Mahachai. Tasharsa tana Wongwian Yai, a ɓangaren Thonburi da ke yammacin kogin Chao Phraya, kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, layi ɗaya tal a gefen rumfunan masu abinci, har wanda bai sani ba zai iya wucewa bai lura da ita ba. A lokacin da nake aikin, tikiti baht 10 ne, tafiyar kuma kimanin awa ɗaya. Jirgin ba shi da na'urar sanyaya iska, sai fanka da tagogi a buɗe, yana bi ta bayan gidajen mutane, kusa har kana ganin shanya da tukwane, daga baya ya fita cikin gonaki da fadamu. Fasinjojinsa ma'aikata ne da ɗalibai da mata masu kwandunan cefane. A ƙarshen layin akwai garin Mahachai na lardin Samut Sakhon, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kifi na ƙasar, inda ake sauka kai tsaye cikin kasuwar da ta cika da jatan lande da kaguwa da busasshen kifi. Babu wanda ya tsara wannan kasuwa don baƙo, shi ya sa farashinta na gaskiya ne, kuma 'yan kasuwar da na raka can sukan fi jin daɗinta fiye da kowane gidan tarihi, domin suna karanta ciniki ko da ba su jin harshen.

Daga Mahachai ana shiga jirgin fito da 'yan baht kaɗan a ƙetare kogin Tha Chin, a taka zuwa tashar Ban Laem, a kama wani jirgin ƙasan da ke ratsa filayen gishiri har zuwa Maeklong, inda 'yan kasuwa ke baje kaya a gefen layin dogo, su naɗe rumfunansu duk lokacin da jirgi zai wuce. Kasuwar Maeklong kanta ta shahara, motocin yawo suna cika ta, amma ƙalilan ne ke isa gare ta a cikin jirgin, alhali shi ne mafi araha, kuma daga tagarsa ake ganin abin da kyau. A nan ne kuma na koyi cewa araha tana da sharaɗi, domin jiragen wannan kashi na biyu kaɗan ne a yini, wanda ya makara da safe a Wongwian Yai zai tarar da jira mai tsawo a Ban Laem. Saboda haka na saba tsara tafiya daga ƙarshenta: in fara sanin abin hawa na ƙarshe da zai dawo da mu gida, sannan in lissafo baya zuwa lokacin tashi. Daga Maeklong yawanci da ƙaramar bas muke komawa, domin ta fi jirgin sauri kuma ta fi shi yawan tashi.

Ranar tafiya ma tana da nauyi daidai da wurin da za a je. Kasuwanni da yawa na kewayen Bankok ba kullum suke ci ba. Ta Amphawa, kusa da Maeklong, daga Juma'a zuwa Lahadi take ci, kuma sai da yamma take cika. Ta Bang Nam Phueng a ƙarshen mako take ci, da safe zuwa azahar. Wannan ta biyun tana cikin Bang Krachao, wani yanki da kogin Chao Phraya ya kusan zagaye shi a gundumar Phra Pradaeng ta lardin Samut Prakan, wanda ya tsira da itatuwansa da lambunansa alhali dogayen benaye na tsaye a ɗaya gaɓar. Ana ƙetarawa da ƙaramin jirgin ruwa daga Khlong Toei, a ɗauki hayar keke na yini, a bi siraran hanyoyin siminti da aka ɗaga a kan ruwa. Wuri ne da ya dace da matashi mai ƙarfin jiki, amma ban taɓa ba dattijo shawarar hawa keke a kan waɗannan hanyoyi ba, domin wasunsu ba su da makari a gefe.

Ga dattawa na fi son Ko Kret, tsibirin da ke arewacin birni a lardin Nonthaburi. Asalinsa ba tsibiri ba ne. A shekarar 1722 aka haƙa mashigi don gajarta wa jiragen ruwa hanya, ruwa ya ci gaba da faɗaɗa shi har yankin ya rabu da tudu. Al'ummar Mon ne suka zauna a can, kuma har yau suna gina tukwane da tuluna na jar ƙasa da zane mai laushi da ake sassaƙawa da hannu. Babu motoci a tsibirin. A ƙarshen mako yana cika da mutanen Bankok masu zuwa cin abinci, a tsakiyar mako kuma yawancin rumfuna a rufe suke, sai dai a lokacin ne maginan tukwane ke da sukunin barin baƙo ya tsaya ya kalli aikinsu. Nakan gaya wa baƙo wannan bambanci in bar shi ya zaɓa, domin akwai mai son hayaniyar kasuwa, akwai kuma wanda ya kwana uku a bakin gadon asibiti, ba abin da yake nema sai inuwa da shiru.

Wani abin da ban zata ba kafin in fara aikin shi ne, wurin da ba a sani ba yakan kasance a cikin garin da kowa ya sani. Ayutthaya, mai nisan kimanin kilomita 80 a arewa, ita ce babban birnin masarautar Siyam, tsohon sunan Tailan, sama da shekara 400, kafin sojojin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, su rusa ta a 1767, kuma hukumar UNESCO ta sanya kufanta cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Ana zuwa da jirgin ƙasa a aji na uku da kuɗin da bai kai na kofin shayi a otal ba. Motocin yawo sukan zagaya kufan wuraren ibadar Buda uku ko huɗu su juya. Amma Ayutthaya birnin fatake ne, inda mutanen Farisa da Fotugal da Holan da Japan da Sin suka zauna kowa da unguwarsa. A farkon ƙarni na 17 wani ɗan kasuwa daga Farisa, Shehu Ahmad na birnin Kum, ya zo ya samu babban muƙami a fada, aka naɗa shi Chularajmontri, sarautar da har yau shugaban Musulmin Tailan ke riƙe da ita. Kabarinsa yana cikin harabar jami'ar Rajabhat ta garin. A gefen kogi kuma akwai tsofaffin unguwannin Musulmi da masallatansu, kuma alawar da garin ya yi suna da ita, roti sai mai, wato zaren sukari da ake naɗewa cikin siririyar waina, sana'a ce da ta fito daga gidajen Musulmi. Na ga yadda fuskar wani Alhaji ta sauya da ya ji wannan tarihi, domin ya zo ne da zaton ƙasar ba ta da wata alaƙa da shi sai ta ciniki.

Wannan ya kai ni ga abin da littattafan jagorar yawo ba su cika lissafawa ba, wato abinci da salla. Naman alade yana shiga girke-girken Tailan da yawa, har cikin romo da man suya, don haka tafiyar da ba a san inda za a ci abinci ba tana iya ƙarewa da yunwa ko da kashe kuɗi a inda ba a shirya ba. Na koyi gane tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, da alamar wata da tauraro a kan kekunan masu abinci, na kuma koyi neman khao mok kai, shinkafa mai kayan ƙamshi da kaza, wadda galibi Musulmi ke sayarwa. Inda akwai masallaci, kusan ko da yaushe akwai abinci mai araha a kusa, saboda haka na fara ɗora masallatai a kan taswirata kafin komai. Ta haka na gano cewa jirgin ruwan haya na mashigin Saen Saep, wanda ke da tasha a Pratunam ɗin da muke zaune, yana ratsa unguwannin Musulmi masu tsohon tarihi, ciki har da Ban Khrua ta al'ummar Cham masu saƙar siliki. A Thonburi kuma akwai masallacin Tonson, wanda asalinsa ya koma zamanin Ayutthaya, da na Bang Luang, farin gini da aka yi da fasalin gine-ginen Tailan na gargajiya. Ana iya yini guda a waɗannan unguwanni da ƙafa da jirgin fito, ba tare da an fita daga birni ba.

Akwai wuraren da na daina sanyawa cikin jerin yini ɗaya duk da arahar kuɗin motarsu. Kanchanaburi, inda gadar kogin Kwai mai tarihin Yaƙin Duniya na Biyu take, wuri ne mai daraja, amma tafiyar jirgi daga tashar Thonburi ta kusa awa uku, dawowa ma haka, kuma mutumin da ya yini a kan benci cikin zafin watan Afrilu ba zai iya tsayawa a wurin ɗaure kaya washegari ba. Lokacin zafi daga Maris zuwa Mayu yake, damina kuma takan kai Oktoba, sannan daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta yi sauƙi. A damina nakan fifita tafiyar safe, domin ruwan yakan sauko da yamma ya tsayar da zirga-zirgar titi. A ranakun bikin Songkran, wato sabuwar shekarar gargajiya ta Tailan, 13 zuwa 15 ga Afrilu, jirage da motoci sukan cika maƙil da masu komawa garuruwansu, don haka shawarata ga baƙo ita ce ya tsaya a cikin gari.

Bayanin tafiya kuma yana tsufa da wuri. A watan Janairun 2023 aka mayar da jiragen dogon zango daga tsohuwar tashar Hua Lamphong, wadda aka buɗe a 1916, zuwa sabuwar tashar Krung Thep Aphiwat, aka bar jiragen talakawa na gajeren zango a tsohuwar, kuma har bayan haka an ci gaba da samun rubuce-rubucen da ke tura mutane inda jirginsu ba ya tashi. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wa zai tambaya. Mai sayar da tikiti, da matar da ke share ofishinmu wadda iyayenta ke zaune a Samut Sakhon, da ladanin masallacin unguwa, su ne suka fi ba ni labari mai amfani, domin hanyoyin nasu ne, suna bin su kowane mako. Na kuma saba sa abokiyar aikina ta rubuta mini sunan wuri da haruffan Tailan a takarda, saboda direban akori-kurar haya da ake kira songthaew ba lallai ya gane yadda baƙo ke furta sunan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa waɗannan wurare gidajen mutane ne da wuraren neman abincinsu. Lungunan Ban Khrua ƙunci gare su, ƙofofin ɗakuna a buɗe suke, kuma mutum goma sha biyar da suka shigo a tare da wayoyi a ɗage sun isa su takura wa unguwa. Saboda haka na roƙi maigidana kada mu riƙa tura fiye da mutum huɗu ko biyar a lokaci guda, ya kuma amince duk da cewa ribar ofis ta fi yawa a babbar tawaga. Kafin mu tashi nakan gaya wa baƙi su nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa, su cire takalmi inda suka ga an cire, su rufe kafaɗa da gwiwa idan za su shiga harabar wurin ibada ko da ba nasu ba ne, kuma kada su matsa wa magina tukwane da ciniki irin na Pratunam. A kasuwar sari ragi al'ada ce da kowa ya yarda da ita, amma tulun da mutum ya kwana biyu yana sassaƙawa, kuɗin da ya faɗa yawanci bai ma kai ladan wahalarsa ba, kuma wanda ya zo da tikitin baht kaɗan yana da sararin biyansa cikakke.