Giyar ta zauna, farfela ta ƙi

Tsohuwar Hilux ce, mai ja da baya kawai, da ita nake ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Jega. Da giyarta ta otomatik ta ƙone, sai na samu wata a Birnin Kebbi, an ciro ta daga wata Toyota da ta yi haɗari. Lambar jikinta A340E, irin tawa sak. Ko ragi ban nema ba.

Gaban giyar bai ba mu wahala ba. Ashe rigimar tana wutsiya, wato bayan giyar. Farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya, kanta na gaba bututu ne mai haƙora a ciki, yana hawa sandar da ta fito daga giya, ya riƙa zamewa ciki da waje duk lokacin da sifirin ya lotsa. Haƙoran sun yi daidai, shi ya ruɗe ni. Ban lura wutsiyar sabuwar ta ɗara tsohuwar da kamar yatsa biyu ba. Mota na kan jak, tayoyin baya na reto, farfela ta shiga sumul, muka ɗaure.

Washegari na yi lodi. Ramin farko na ji ƙum a ƙarƙashin kujera. Kafin Jega jan mai na ɗiga.

Wani dattijon bakanike ya leƙa, ya ɗago ya ce, "Ɗana, bisa jak kunka auna ta ko ƙasa?" Na yi shiru. Idan kaya ya danne mota, tazarar giya da aksul raguwa take yi. Bututun bai samu wurin shiga ba, ya daki ƙarshe, ya tsaga wutsiyar. Ya nuna mini yadda ake yi: tayoyi a ƙasa, a tura bututun har ya tsaya, a jawo shi kamar inci 1, sannan a auna daga tsakiyar kuros na gaba zuwa tsakiyar na baya, wato gaɓoɓin da farfela ke lanƙwasawa a kansu.

Na ce, "Baba, a mayar da tsohuwar wutsiyar mana." Ya ce sandar ciki ma tsawonta daban, kuma ba ta fita sai an wargaza giyar gaba ɗaya.

Dole na sayi wata wutsiyar, aka rage farfela. Dattijon ya tsaya a kan mai walda har sai da kunnuwan kuros biyun suka zo layi ɗaya. Duk da haka, da na wuce 80 tana ɗan kaɗa ni, don ba a ɗora ta a injin daidaita nauyi ba. Yanzu 70 nake tafiya.