Duba kyauta, magani a farmasi: ina kuɗin jinya ke tafiya a Maradi?

Duk wanda ya taɓa kai yaro CSI, wato ƙaramin gidan likita na gwamnati, a watan Satumba, lokacin da masassarar cizon sauro ke kan ganiyarta, ya san yadda abin ke gudana. A soki yatsar yaron, a ɗiga jini a ɗan allon gwaji, layi biyu su fito. Ba a karɓi ko dala ba, tunda bai kai shekara 5 ba. Sai majo, shugaban CSI, ya yago takarda ya rubuta magani uku, ya ce ɗaya akwai, biyun nan sai farmasi. Uwa ta fito da ordonansi a hannu tana lissafin tiya nawa ta hatsi za a sayar.

Mutane kan ce ma'aikata ne ke ɓoye magani. Ba a rasa ɓata-gari a kowace sana'a, amma tushen matsalar yana cikin yadda kuɗi ke zagayawa. Tun bayan shirin Bamako na 1987, gidajen likita na Nijar sun koma rayuwa da abin da marar lafiya ya biya: kuɗin ya shiga akwatin CSI, kwamitin COGES mai kula da kuɗin gidan likita ya sa hannu, a sayo wani maganin, a biya mai gadi da mai karɓar kuɗi. Kamar jarin mai tebur ne, in ya juya ya dawo, shago na nan. Tsakanin 2005 da 2007, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa, awon ciki, tsarin iyali, kansar mata da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ma'anar kyautar ita ce CSI ta yi aikin da maganinta, ta cika takardu, ƙarshen wata ta haɗa fakitir ta aika gunduma, gunduma ta tura hukumar lafiya ta jiha, daga nan Yamai, sannan baitulmali ya biya. Kowane hawa yana cin lokaci, kuma fakitir ɗaya da aka yi kuskuren lissafi ko aka manta hatimi tana iya dawowa tun daga farko. Bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa, wasu fakitir sun shekara ba a biya ba. A jiha irin Maradi, inda yara ƙanana su ne mafi yawan masu zuwa likita, hakan na nufin mafi yawan maganin da ya fita daga kanta bai dawo da kuɗinsa ba. Jari ya karye, kanta ta bushe, ordonansi ta maye gurbi. Don gyara wannan ne aka kafa hukumar INAM, wadda aikinta tantance fakitir da biyan gidajen likita, kuma da ma'auni ɗaya ya kamata a auna ta: kwana nawa tsakanin aika fakitir da shigar kuɗi.

A watan Agusta na 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage rabin kuɗin ayyukan jinya a gidajen likita na gwamnati, daga 1 ga Satumba. Haihuwa ta zama kyauta, an kuma soke sefa 150,000 da masu wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara musu. Sauƙi ne na gaske, musamman ga mai gwajin jini, hoto ko kwanciya. Sai dai ragin bai shafi farmasi mai zaman kansa ba, bai shafi kilinik ba, bai shafi kuɗin mota daga Dakoro ko Mayahi zuwa Maradi ba, balle abincin masu jinya da ke kwana a tabarma ƙarƙashin bishiya. Kuma tambayar 2006 tana nan daram: rabin da aka yafe, wa ke cika wa asibiti shi, kuma yaushe?

Shi ya sa nake ganin bai kamata a riƙa haɗa ragi da inshora ba. Ragi yana rage abin da za ka biya ranar ciwo. Inshora kuwa, ko asirans kamar yadda muka fi faɗa, ita ce ka biya tun kana lafiya, kuɗinka ya haɗu da na dubban mutane, ranar da ciwo ya zo asusun ya biya. Masu irin wannan a nan ƴan kaɗan ne. Ma'aikacin gwamnati na da takardar ɗaukar nauyi da ke biya masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin asibiti, ya cika 20. Ma'aikatan bankuna, manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji na da asirans na kamfani. CNSS, hukumar asusun ma'aikata, wadda wasu ke ɗauka inshorar lafiya ce, fansho take biya da kuɗin iyali da haɗarin wurin aiki. Manomi, ɗan kabu-kabu, mai sayar da aya a kasuwa, duk aljihunsu ne asirans ɗinsu. Fiye da kashi 40 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye.

Abin da ya rage wa talaka shi ne mitiyel, wato asusun lafiya na haɗin gwiwa. Doka ta san da shi tun 2008, kuma Maradi ba baƙuwar tara kuɗi ba ce, tunda a nan aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991. Amma asusun mata bashi yake bayarwa ya dawo da riba, na lafiya kuwa abin da ya fita ya fita. Mafi yawan mitiyel da suka mutu, lissafi ne ya kashe su. Ga misali na ƙiyasi, kowa ya sa alƙaluman garinsu.

A ce gari mai gida 200, kowane gida mutum 7, jimla 1,400. Kowa ya zuba jika 2 a shekara, an tara sefa 2,800,000. A ware kashi 10 na ajiyar ko-ta-kwana, kashi 10 na karne, rajista da ɗan alawus ɗin ma'aji, saura 2,240,000. A cire yara ƴan ƙasa da shekara 5 da gwamnati ta ɗauka, a ce 280, saura mutum 1,120. In kowannensu ya je CSI sau ɗaya a shekara, duba da magani suka kama jika 2, asusu ya biya kashi 80, wato 1,600, an kashe 1,792,000. Abin da ya rage 448,000 ne. Ɗaukar marar lafiya 15 a ambilans kan jika 30 kowanne ya cinye shi tas. Ba a yi maganar tiyata ko kwanciyar sati biyu a babban asibiti ba. Duk mitiyel ɗin ƙauye da ya yi alƙawarin biyan komai da jika 2, ko bai yi lissafi ba ko bai faɗi gaskiya ba.

Yanzu a juya misalin. A bar shiga ga wanda ya ga dama, mutum 400 suka yi rajista. Su wa za su fara zuwa? Mai hawan jini, mai ciwon suga, tsohon da tari ya ƙi bari. Matashi mai jini a jika zai ce me zai kai shi. An tara 800,000, bayan cire kashi 20 saura 640,000. Kowannensu ya je sau 3 a shekara, ana buƙatar 1,920,000. Cikin wata 4 akwati ya ƙare, CSI ta daina karɓar karne, waɗanda suka zuba su ce an cinye musu kuɗi, shekara mai zuwa ko mutum 100 ba za a samu ba.

Maganin wannan sananne ne, aiwatarwa ce ke da wuya. Rajista ta zama ta gida gaba ɗaya, maigida da matansa da ƴaƴansa, kada a yarda ya zaɓo marar lafiyar kawai. A karɓi kuɗin shekara dunƙule da kaka, tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da wake da gujiya suka shiga kasuwa. Wanda ya ce a riƙa biya wata-wata bai san yadda aljihun manomi yake a watan Yuli ba. Sabon shiga ya jira wata 2 ko 3 kafin ya fara cin moriya, in ba haka ba mutum zai yi rajista da safe ya kwanta asibiti da yamma. A bar wa marar lafiya ɗan kason da zai biya da kansa. Karne ya ɗauki hoton kowa, don aron karne tsakanin maƙwabta ɓaraka ce babba. Kuɗi su kwana a banki ko asusun ajiya da sa hannun mutum biyu ko uku, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku.

Sai yarjejeniya da CSI, wadda nan ne aka fi sakaci. A rubuta farashin kowane aiki, a rubuta cewa asusu zai biya cikin kwana 30, a kuma rubuta abin da zai faru in magani ya yanke: shin asusu zai biya ordonansin farmasi, a wane farmasi, har nawa? In ba a rubuta wannan ba, ɗan mitiyel zai biya sau biyu, ya zuba da kaka, ya sake saye da damina. A tambaya kuma ko gundumar na karɓar ƙarin dala 20 ɗin nan da ake ɗorawa kan kuɗin duba don man ambilans. In ana karɓa, bai kamata asusu ya sake biyan cikakken kuɗin ɗaukar marar lafiya ba.

Ko an bi duk wannan, asusun gari ɗaya ƙarami ne, tiyata uku a wata ɗaya na iya durƙusar da shi. Ƙasashen da suka yi nisa sun haɗe ƙananan asusai ne suka kuma zuba kuɗin gwamnati. Ghana ta kafa nata tsarin a 2003 tana ciyar da shi da wani kaso na harajin kaya. Ruwanda ta wajabta shiga, gwamnati na biya wa marasa ƙarfi. Nijeriya ta yi dokar wajabta inshorar lafiya a 2022, ko da yake wanda ke zuwa Jibiya da Katsina ya san doka daban, kati a hannun ɗan kasuwa daban. A wurinmu matakin da ya fi kusa shi ne asusun ya tashi daga gari ya koma na komin ko na gunduma gaba ɗaya, meri ta sa layi a kasafinta na biya wa marayu, gwauraye da naƙasassu, a kuma fitar da sunayensu a taron gari gaban maigari da liman kafin kaka ta zo.