Allon akwatin ƙyanƙyasa: yadda 0.04 ta cinye min mako guda

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Mako na uku ke nan ina fama da allon lantarki, wanda ake dasa ƙananan kayan wuta a kai, da zai kula da zafin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, a nan ƙauyenmu kusa da Ringim. Allon farko dai ya tafi bola, kuma ni na jawo.

Da na buɗe KiCad, manhajar zana irin wannan allo, sai na zaɓi milimita, don da ita muka saba a makaranta. Na zo zana mazaunin ɗan gilashin nan mai nuna zafi, mai ƙafa 16, takardar bayaninsa ta ce tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 2.54 ne. Na ce wannan 'yar 0.04 me za ta tsinana, na rubuta 2.5. Na je Ringim aka buga min zanen, na manna shi a kan jan ƙarfe da dutsen guga na gawayi, na jiƙa a sinadari, na huda. Ƙafar farko ta shiga lafiya, ta goma ta fara gardama, ta 16 ta ce allambaran. Tazara 15 sau 0.04, an sami 0.6, ramin kuwa duka-duka milimita 1 ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi.

Ashe 2.54 ɗin nan kashi ɗaya cikin goma na inci ce, tunda inci ɗaya milimita 25.4 ne cif. Kayan da ke da dogayen ƙafafu, irin su guntayen lantarki (IC) na NE555 da ATmega328 mai ƙafa 28, da allon gwaji mai ramuka, duk a kan wannan awo na Amurka aka ƙera su. Akwai kuma mil, wato kashi ɗaya cikin dubu na inci. Kada sunan ya ruɗe ku, ba milimita ba ce: mil 10 bai wuce milimita 0.254 ba.

To sai a koma inci gaba ɗaya? A'a. ATmega ɗin nan, ƙaraminsa da ake liƙawa a fuskar allo, tazararsa milimita 0.8 ce. Soket ɗin jona waya na JST XH kuwa 2.5 ɗin ne na gaskiya. Sannan a lambobin girman ƙananan kayan da ake liƙawa, 0603 a lissafin inci shi ne 1608 a na milimita, 0603 na milimita kuma ƙwayar gero ta fi shi girma, hannuna ba zai iya sa masa dalma ba. Kamar a auna maka da tiya ka sayar da mudu ne.

Yanzu girman allo, ramukan kusoshi da bakin abin huda duk da milimita nake auna su. Wurin jera masu ƙafafu kuwa, layukan jagora na KiCad a milimita 1.27 nake barin su, wato rabin 2.54, lambar takardar bayani kuma ba na yanke mata ko ɗigo.

Zane na biyu na buga shi a farar takarda tukuna, na ɗora kan soso na soka kayan, duk sun zauna. Asabar zan shiga Sabon Gari in sayo sabon allo.