Yadda na ba da motata MGB sadaka a Ingila

MGB ce ƙirar 1972, buɗaɗɗiya mai kujera biyu, koriya mai duhu, da bamban ƙarfe mai ƙyalli gaba da baya. Masu harkar tsofaffin motoci a nan ba sa wasa da wannan bamba, domin daga 1974 kamfanin ya koma sa baƙi na roba saboda dokokin Amurka, inda yawancin motocin ke tafiya, kuma har gobe mai bamban ƙarfe ta fi daraja a kasuwa. A Abingdon kusa da Oxford aka ƙera su daga 1962 zuwa 1980, sama da rabin miliyan, don haka ba motar attajirai ba ce. Malamin makaranta mai fansho ma yana iya riƙe ta.

Gwiwa ce ta raba ni da ita. Motar a ƙasa take, shiga da durƙuso, fita da salati. Uwargida ta ce, "Baban Hafsa, motar da ba ka hawa ai gareji kawai take ci. Ka ba da ita inda za ta yi amfani." Ƙanena da ke Katsina ya ce a ɗoro ta a jirgin ruwa. Na tuna masa sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, shekarar da aka ƙera motar. Ga ramukan hanya, waɗanda za su cire mata salansa tun kafin ta bar Legas.

Sai na zaɓi gidauniyar jirgin ceto mai saukar ungulu ta yankinmu. Mutane da yawa ba su san cewa a Ingila galibi da gudummawar jama'a waɗannan jirage ke tashi ba.

Da na kira ofishinsu, matar da ta ɗauka ta yi godiya, sannan ta faɗa mini gaskiya: ba su da inda za su ajiye mota, ba su da inshorarta, ba su da mai sayarwa. Akwai kamfanonin da ke zuwa da janwe su ɗauki mota su miƙa wa gidauniya kuɗin, amma an fi yin su don gajiyayyun motocin da za a auna a kilo. MGB ta fi ƙarfin wannan.

A nan lissafi ya shigo, kuma shi ne abin da na fi so mai niyya irin tawa ya riƙe. Akwai tsarin haraji da ake kira Gift Aid. Idan mai biyan haraji ya ba gidauniya kuɗi, tana karɓo ƙarin fam 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam 100. Amma a kan kuɗi yake aiki, ban da kaya. Ka miƙa mukullin mota, babu ƙari. Ka sayar da kanka ka ba da kuɗin, ga ƙari ya zo. Sharaɗin shi ne harajin da ka biya a shekarar ya kai abin da gidauniya za ta karɓo, in bai kai ba kai za ka cike giɓin. Motar hawa kuma ba a biyan harajin riba idan an sayar da ita, ko da ta yi tsada.

Saura shirya ta. Tsatsa ita ce ajalin MGB, musamman dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, wanda shi ke riƙe da bodin. Bakanikena, wani dattijon Bature da hannunsa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba, ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya bi gefen motar da shi a hankali. Yana kamawa, yana kamawa, da ya zo bayan tayar hagu sai ya faɗi ƙasa. A nan wani ya taɓa cike rami ya shafe da fenti. Ya ce kada in yi walda, kada in sake fenti, kuɗin ba zai dawo ba. Muka daidaita kabiretocinta guda biyu ƙirar kamfanin SU, muka canja mai, na rubuta wurin a bayanin sayarwa. Sadaka ce, ba zan fara ta da ɓoye aibi ba.

Takardu sun fi goge-goge ɗaga farashi. Na nemo takardar shaida daga gidan tarihin motoci na Gaydon, inda ake ajiye kundin masana'antar, mai nuna ranar da aka ƙera ta da launinta na asali. Na haɗa da tulin rasitan gyara. Motar da ta haura shekara 40 an ɗauke mata gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, da kuɗin harajin hanya, duk da haka na kai ta gwajin, don mai saye ya fi yarda da takarda a kan rantsuwata.

A gwanjon tsofaffin motoci aka sayar da ita. Na sa farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, mai gwanjon kuma da ya ji inda kuɗin za su ya yafe la'adarsa. Tambaya kawai na yi. An buga guduma a fam 8,000. Da na sa hannu a takardar Gift Aid, abin da ya isa gidauniya ya zama 10,000.

A ranar na sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, ta intanet cewa motar ta bar hannuna, sannan na soke inshora. Kada ka jinkirta wannan, don muddin sunanka na kan takardar rajistar motar, wato V5C, kai tara za ta nema.

Saurayin da ya saye ta, wai don mahaifinsa, ya bugo ta hannun masu gwanjon hankali a tashe: ya buɗe bonet bai ga batir ba. Na ce ya ɗaga shimfiɗar da ke bayan kujeru, akwai murfi, biyu ne a ciki, kowane bolt 6, kuma ya riƙa duba ruwansu.