Ga wanda zai gaji kwas ɗina

Ƙarshen wannan zango zan miƙa makullin ofis, don haka ga abin da na gani a shekarun da na yi ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ga 'yan NCE.

Za a ce maka rashin wuta da tsadar data ne ke hana amfani da intanet a aji. Waɗannan suna da magani. Ka sauke bidiyo a gida, ka ba shugaban aji, ya raba ta Xender, kowa ya kalla a wayarsa. Abin da na rasa maganinsa shi ne handawut.

Ranar da na shaida wa ɗalibai cewa shafin intanet na OpenStax na Jami'ar Rice da ke Amurka yana da cikakken littafin wannan fanni kyauta, mako bai zagayo ba sai ga takardar neman ba'asi daga shugaban sashe. Wai na kauce wa manhaja. Kowa ya san handawut ɗin wa ne ya daina shiga kasuwa. A taron sashe aka ce na mayar da aji gidan kallo, kuma ba wanda ya ce uffan, har da waɗanda suka karɓi littafin a wurina a ɓoye. Aka ƙwace kwas ɗin, ƙarin girman shekarar ya wuce ni. Daga baya aka dawo mini da shi, da aka rasa mai iya ɗaukar yawan ɗaliban.

Gidan kallon kuwa, bidiyon gwajin masana Simons da Chabris ne na 1999: ana ƙirga jifan ƙwallo, wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa tsakiya, kusan rabin masu kallo ba sa ganinsa. Da na maimaita, wani ya miƙe ya ce, "Malam, wallahi an canza bidiyon!" Daga ranar ban sake shan wahalar bayanin yadda hankali ke zaɓen abin da zai lura da shi ba. Gwajin masani Piaget na zuba ruwa daga gajeren kofi zuwa dogo ma, wanda ke sa ƙaramin yaro ya ɗauka ruwan ya ƙaru, da suka kalla, sai suka je gida suka gwada a kan ƙannensu.

Sauran a taƙaice. Kada ka nuna abin da ba ka kalla har ƙarshe ba. Tashar Crash Course ta YouTube na da kyau amma Turancin da sauri, sai ka rage gudu ka kunna rubutun ƙasa. Gwajin kurkukun Stanford na 1971, inda aka raba ɗalibai zuwa fursunoni da gandirobobi, ya cika YouTube kamar babu ja a kansa, alhali masana sun soke shi sosai; a 2015 ma an maimaita bincike 100 na fannin, ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya ne suka tabbata. Duk izinin da oga ya ba ka, ka nemi ya rubuta.

Handawut ɗin na nan a shagon fotokwafi na bakin ƙofa. Bana ma an ƙara masa kuɗi.